Maganin Tambayar Gwaggo Ranar Sallah

Kowace Sallah, ƙarama ko babba, tana zuwa da jarrabawar da ba wanda ya taɓa ci. Ana saukowa daga idi, kafin tuwon Sallah ya huce, Gwaggo za ta ƙare maka kallo ta ce, "Kai kuwa yaushe za mu sha biki?" In ka yi auren, tambaya ta koma kan amarya: "Har yanzu shiru?" In an haihu, a ce yaron ya rame. Wanda ya gama bautar ƙasa kuwa, Kawu na jiransa da "Ina aka samu aiki?", alhali tun daga takalminsa ya ga amsar. A ganina amsa ɗaya ce ke fitar da mutum lafiya daga wannan tarko: "A taya mu da addu'a."

Ƙarfin amsar shi ne ba ƙarya a cikinta, ba rashin kunya, kuma tana mayar da aikin kan mai tambaya. Ba Gwaggon da za ta ƙi yin addu'a ranar idi a gaban jama'a. Dole ta ɗaga hannu ta ce Allah Ya kawo ta gari, ɗaki ya amsa da amin, bayan amin kuwa ba a komawa bincike. Kwatanta da mai tsayawa yin bayani. Da ka ce lefe ya yi tsada, Baffa zai tuna maka cewa shi da kwalla ɗaya ya yi aure, sannan a shiga lissafo maka 'yan matan dangi, kowacce da tarihin iya girkinta.

Matasa za su ce wannan tsoro ne, gara a faɗa wa mutum ya daina shiga abin da ba ruwansa. Na ji, amma magana zarar bunu ce. Kafin a yi Hawan Daushe washegari a Kano, labari ya isa ga dangin Maraɗi ta WhatsApp, kuma ba za a ce Gwaggo ta yi katsalandan ba, cewa za a yi ɗan wance ba shi da tarbiyya. Kai ka yi ramuwar, mahaifiyarka ce za ta yi ta yawon ba da haƙuri har watan Cika-ciki. Ga shi kuma al'ada ta riga ta ware inda ake ramawa, wato wajen kakanni da taubasai. Wasan dangi ba ƙaramin abu ba ne, domin a 2014 UNESCO ta sa na Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya. In Kaka ta kira ka tuzuru, ce mata ai ita ce uwargida, ita ta hana a kawo mata kishiya. Gwaggo ba abokiyar wasanka ba ce, amma ɗanta abokin wasa ne, don haka riƙe haushin ka sauke masa.

Wasu kuma na ganin mafita ita ce a ƙi zuwa. Zumunci a ƙafa yake, kuma wanda bai zo ba shi ake tattaunawa, ba mai kare shi, sannan ya rasa soyen naman layya. Masu cewa ƙauna ce ke sa dangi tambaya suna da gaskiya, sai dai ƙaunar ba ta rage zafin kalma. Musamman batun haihuwa, wanda ake jefa wa mace ita kaɗai a tsakar gida kamar ita ke rabawa. Nan ba wurin raha ba ne, miji ne ya kamata ya tari numfashin 'yan'uwansa ya ce abin na Allah ne, a bar zancen.

Saura mai taurin kai, wanda ko bayan amin sai ya ce, "To amma me kake ciki?" Shi ma da maganinsa. Rusuna ka ce, "Kawu, dama kai nake nema. Takarduna na cikin mota, ko za a taimaka da jari?" Nan take zai duba agogo ya tuna bai gaida surukansa ba.