Leƙa Bayan Sifikarsa Ka San Halinsa

Wata Juma'a bayan la'asar maƙwabcina a Gummi ya aiko ƙanensa, wai in zo in ji abin da sifikarsa ke yi. Na tarar da shi a kan tabarma ya zabga tagumi. Ɗanƙwairo ne ke waƙa, amma kamar an shaƙe masa wuya: ya ɗauko baiti, ya ɗauke, ya dawo da ƙaras-ƙaras kamar ana suyar gyaɗa. Na juya akwatin. Baƙar wayar tana reto, zare uku kacal ke taɓa ƙarfe, sauran sun baje kamar gemun bunsuru. Tun daga ranar na daina kallon gaban kayan sauti a ɗakin mutane. Baya nake leƙawa, inda waya ke haɗuwa da akwati, don a ɗan wurin nan da bai kai tsawon yatsa ba ake gane kowa.

Wanda ya fi kowa jama'a shi ne Mai Haƙori. Bai taɓa sayen filaya ba, kuma bai ga dalili ba, tunda Allah ya ba shi talatin da biyu kyauta. Ya ciji robar waya, ya fizge, ya tofar, rabin zaren jan ƙarfen ya bi robar. Abin da ya tsira sai ya cusa a rami ya tokare da tsinken ashana. In ashana ta ƙare, akwai tsintsiyar uwargida. In waya ta gaza tsawo, ya ƙulla mata wata, ya naɗe mahaɗar da ledar burodi, don salatif a wurinsa almubazzaranci ne. Abin da bai sani ba, siririn zare guda na jar waya in ya miƙe ya taɓa na baƙa, ya isa ya ƙona amfilifaya. Ranar da hayaƙi ya tashi sai ya girgiza kai ya ce, "Kayan yanzu ba su da ƙwari, Malam, duk jabu na." Haƙorinsa na gaba ma ya ɗan ɓantare, ya ce ƙashin tsire ne.

Akwai ɗan'uwansa da ya fi shi tsari, wato Mai Ɗaukar Ma'aikaci. Shi ya gano cewa in aka riƙe wayar ta wata kusurwa, sauti na fita tas. Maimakon ya gyara, sai ya naɗa yaro a muƙamin. A gidan kallon ƙwallo za ka gan shi, yaro tsugune bayan akwati minti casa'in, hannu a sama, bai ga ƙwallo ko ɗaya ba. Da ya motsa ya sosa ƙeya, jama'a su ɗauka gaba ɗaya: "Kai, riƙe waya!"

Sai Alhaji Ruwan Zinari. Shi ba ya sayen komai sai mai ƙyalli, kuma daga Gusau ko Sakkwato ake kawo masa, in ya samu mai zuwa Kano ya fi so. Yana da kan waya irin wanda Turawa suka laƙaba wa sunan ayaba, ɗan ƙarfe mai kaurin milimita 4 da 'yan fukafukai masu tokare rami. Kaya ne mai kyau, ban ƙi ba. Sai dai Alhaji ya yi imani cewa zinarin ne ke ƙara wa waƙa daɗi, har yana rufe ido yana cewa yanzu yana jin numfashin 'yan amshi. Abin mamaki a ce a ƙasar da ake haƙo zinari na gaske, a Bagega da dazuzzukan Bukkuyum, inda yaro ɗan shekara goma sha biyar zai gaya maka bambancin dutse mai arziki da mai yaudara, a nan ne za a ruɗi dattijo da shafen da bai kai kaurin gashi ba. Amfanin ruwan zinari guda ɗaya ne: ba ya tsatsa, ba ya dusashewa, abin da ke da muhimmanci a gari irin Gummi da laimar gulbi ke shiga ɗaki da damina. Amma tambayar ita ce, mene ne a ƙarƙashin shafen? Na taɓa ɗaukar ɗaya daga cikin na Alhaji na kai kusa da maganaɗisun wata tsohuwar sifika, ya yi tsalle ya manne ɗaf. Baƙin ƙarfe ne aka yi wa kwalliya. Tagulla da jan ƙarfe ba sa bin maganaɗisu. Alhaji ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwata da kyau.

Wayarsa ma haka. Mai kauri ce kamar igiyar guga, amma da ka kankare zaren da reza sai fari ya bayyana: alminiyom ne aka lulluɓe da jan ƙarfe. Alminiyom ba ya ɗaukar wuta sai wajen kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka, ga saurin karyewa in an murɗa shi sau biyu. Robar ce mai kaurin.

Mai Zargi kuwa labarinsa da tausayi. Sifikunsa biyu, sababbi, amma kiɗa ba nauyi, ganga na fita kamar ana buga faranti. Ya zargi mai shago. Ya zargi janareto. Ya zargi yaran gida, ya zargi sola, daga ƙarshe ya fara zargin wani abokin gabarsa da ya shigo ɗakin ranar suna ya yi wa kayan wani irin kallo. Sau biyu yana ɗaure amfilifaya a bayan babur, a wannan hanya da kowa ya san halinta, ya kai wa mai gyara a Anka, a gwada a ce lafiyarta lau. Abin da ya faru, a sifika ɗaya ya sa ja a ramin baƙi, baƙi a ramin ja. Takardar cikin wannan sifikar na turo iska gaba, ta waccan na janyewa baya, sai ƙarar gangar ta cinye kanta a tsakiyar ɗaki. Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Har yau bai wanke abokin gabar ba.

Mai Dabara na fi jin tsoro. Ya gaji da wayar da ke zamewa, sai ya ɗaura wa wayar sifika filogin wuta mai ƙafa uku, ya kafa soket a bayan amfilifaya. Riƙo kam ya riƙe. Yana nuna wa baƙi yana alfahari, har ranar da amarya ta zo shara ta ga filogi a ƙasa, ta yi abin da kowane mai hankali zai yi, ta soka shi a bango. Sifikar da aka yi don ɗan abin da amfilifaya ke ba ta ta sha bolt 230 kai tsaye. Ƙara ɗaya ta yi, wadda aka ji har bakin kasuwa. Da ya tambaya, da an gaya masa akwai kan waya da aka yi musamman don wannan damuwa, Speakon, wanda kamfanin Neutrik ya fito da shi: ka soka, ka murɗa, ya kulle, kuma ba ya shiga soket ɗin bango. Manyan akwatunan masu kiɗan biki da shi suke zuwa.

Gwaggon amarya ba ruwanta da duk wannan. Ita a wajen sayen kayan ɗaki, sifika ta kai tsawon kabad, launinta ya dace da labule, shi ke nan. Wayoyin da suka zo a kwali, sirara kamar taliya, a tura su ƙarƙashin leda, a dasa ƙafar gado a kansu. Bayan wata biyu sifikar hagu ta yi shiru, a ce ai dangin ango ne suka taɓa.

Mai Aro ba ya buƙatar dogon bayani. Ya karɓi wayarka mai kai ja da fari, irin ta RCA, "zuwa magariba". Ta dawo bayan sallar layya da kai ɗaya.

Shi kuma Ɗan Zamani dariya yake yi wa kowa, don shi Bluetooth gare shi, ya wuce zamanin igiya. Ka bar shi har bakin cajin akwatinsa ya saki. Za ka same shi ya tokare wayar caji da dutse a wata kusurwa, ya hana kowa tari kusa da ita. Jikan Mai Haƙori ne, bai sani ba.

Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo da nakan zauna a rumfarsa, wanda ban taɓa jin ya yi wa kowa lacca ba. Ya fere roba da reza, tsawon gaɓar yatsa ko ƙasa da haka, ba tare da ya yanke zare ko ɗaya ba. Ya murɗe zaren ya zama tsinke guda. In akwatin mai maɓallin dannawa ne, ya soka har roba ta taɓa baki, kada jan ƙarfe ya leƙo. In mai murɗawa ne, ya ɗaure tam, ko ya sa kan ayaba na tagulla mai sukurori biyu. Sannan ya ɗan ja wayar ya ji ko za ta biyo shi. Ba ya shafa dalma a bakin wayar da za a danne da sukuru, don ya ce tana lotsawa a hankali, bayan 'yan watanni ɗaurin ya saki. Ga ɗaki, wayar jan ƙarfe zalla mai lamba 1.5 ta wadatar. In za a ja ta zuwa zaure ko tsakar gida, a nemi 2.5. Bayan hunturu yakan ce a zare kawunan a goge ƙura a mayar.

Abu ɗaya ne ke sa shi ɗaga murya: ya ga almajirinsa ya riƙe zaren liƙi a baki. Irin wanda aka saba sayarwa kashi 60 kuza ne, 40 dalma. Mu nan ba sai an yi mana bayanin dalma ba. A 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Bagega, Dareta da Abare a ƙasar Anka da 'Yargalma a Bukkuyum. Ko ruwa dattijon ba ya sha sai ya wanke hannu da sabulu.

Ni kuwa da nake ta lissafa mutane, jiya ɗiyata ta ja akwatina za ta yi shara, ta ɗago da tsinken ashana biyu tana tambayar na mene ne. Don Allah wanda zai shiga Gusau a makon nan ya riƙo mani kan ayaba guda huɗu, ya kuma tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu.