Yabon Gwani Ya Zama Dole: Bindigar Sallah a Kurfai

Duk wanda ya ce Filinge ta ƙasar Kurfai ba ta ci gaba ba, bai zaga gari da yammacin Sallah ba. A zamaninmu, yaro in ya tara kuɗin barka da Sallah, alewa yake saya da balan-balan, in ya cika mai dogon buri ya haɗa motar kara ya ja ta da zare har tayar ta fita. Dubi ƙauyanci. Yau kuwa ka tsaya bakin hanya ka sha kallo: yara cikin sabuwar shadda, hula a karkace, kowane da bindiga rataye a kafaɗa, wani ma tsawonta ya fi shi. Suna tafe suna laɓewa a bayan katanga, suna auna juna, suna auna jaki, suna auna tsohuwa mai ƙosai. Alhamdu lillahi, mun ga ranar da Kurfai ta samu rundunar da ba a biyan ta albashi.

Amma yabon yau na mutum ɗaya ne, ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara goma sha huɗu, wanda Allah ya hore wa hannu. Ubansa ya sayo masa bindigar roba irin ta Sin daga Yamai, mai harba ƴan ƙwayoyi. Wani yaron da ya yi murna ya yi shiru. Shi kuwa ya juya ta ya ga aibi biyu: jikinta kore shar kamar bokitin wanka, bakinta kuma da wani jan zobe da ke shelanta wa duniya cewa wasa ne. Ya ga wannan raini ne. Ya fige zoben, ya shafe ta da baƙin fenti, ya je wurin kafinta ya roƙi guntun katako ya sassaƙa mata gindi, ya goge shi da man gyaɗa har ya yi jajir irin na Kalashnikov. Ya yanka tsohuwar ɗamarar ubansa ya yi marataya. Gidan harsashin ma bai bar shi haka ba, sai da ya naɗe shi da baƙar leda, ya ce haka na gaske suke yi. Daga ƙarshe ya ciro ɗan jan hasken nan na leza da ake sayarwa maƙale da mariƙin makulli, ya ɗaure a ƙarƙashin baki. Ga ƙwaya, ga haske, bindiga ɗaya aiki biyu. Duk a salula ya koya, babu mushen da ya nuna masa.

Ya kawo mini ita ina zaune a zaure, ya ɗora mini jan ɗigo a ƙirji.

"Kawu, wallahi ko soja ba zai gane ba."

Na ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ai abin da muke ta fata ke nan."

Mutanen ƙasashen da suka ƙirƙiro wannan wasa sai su zo su ɗauki darasi. Mutanen Japan ne suka fara bindigar ƙwayar roba a shekarun 1970, don dokar ƙasarsu ta hana talaka riƙe ta gaske, sai suka huce da kwaikwayo. Harbin haske kuwa sojan Amurka ne suka fara atisaye da shi, kafin a buɗe gidan wasansa a Dallas a 1984, inda mutane ke biyan kuɗi su shiga ɗaki mai duhu su harbi juna, in an tashi kowa ya koma gida ya ci abinci. Abin tausayi, su rashi ya sa su wasa. Maƙerin Japan sai ya nemi hoto da littafi kafin ya san yadda bindiga take. Namu yaron ba ya bukatar wannan wahala. In ya manta inda marataya ke maƙalewa, sai ya leƙa tsakar gida ya tambayi baƙuwar da ta gudo daga arewa, ita ta ga abin ido da ido, a tazarar da ba ta kai tsawon tabarma ba.

Gaskiya ta fuskar abin koyi jihar Tilaberi ba ta da na biyu. Inates, 10 ga Disamban 2019, soja 71. Bayan wata guda, 9 ga Janairun 2020, Cinagodar, soja 89. Ranar 2 ga Janairun 2021, Coma Bangu da Zarumdarai, talakawa wajen ɗari. A watan Maris na shekarar, masu dawowa daga kasuwar Banibangu, mutum 58. Wace ƙasa ce ta tara wa ƴaƴanta darussa haka a jere, kyauta, ba kuɗin rajista? A farkon 2020 aka hana hawan babur a sassa da dama na jihar, don a kansa maharan ke zuwa. Mun kuwa yi biyayya. Babur ya shiga ɗaki, bindigar wasa ta fito tsakar kasuwa tana lilo a rumfa kusa da takalman yara. Ai kowa ya san tsakanin su biyun babur ne ya fi kama da abin tsoro.

Kada wani ya zaci kwaikwayon soja baƙo ne a ƙasar nan. A nan ma aka haife shi. Wajen 1925, a Cikal, wata mata mai suna Shibo ta fara hawan wasu sababbin iskoki da ba a taɓa gani ba, waɗanda aka sani da Hauka ko Babule. Iskokin nan Turawa ne da sojansu: da gwamna, da kyaftin, da kofur. Matasan Kurfai suka bi ta, suna fareti, suna sara wa juna, suna zare ido irin na komanda, suka juya wa sarauta da aikin dole baya. Komandan Yamai na lokacin, Croccichia, ya sa aka tattaro su aka kulle, sakamakon da ya samu kuwa shi ne shi kansa ya zama iska a cikinsu, ana kiran sa Komanda Mugu. Ƴan ci-rani suka kai abin har Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsu a wajen Ankara, fim ɗin da ya fito a 1955. Wanda ya kalle shi ya ga bindigoginsu: katako ne zalla, an ɗan sassaƙa, ko makaho ya shafa ya san itace ne.

To ka ga inda kakanninmu suka gaza. Ba fenti, ba gidan harsashi, ba haske. Mafi muni, ba su ɗauki abin da girma ba. Mutum ya saɓa guntun katako yana tafiyar agwagwa, kumfa na zuba a baki, duk wanda ya gani ya san mai bindigar gaske ake tona wa asiri, ana nuna yadda yake in an tuɓe masa kwarjini. Wannan ai rashin ladabi ne ga makami. Jikokinsu sun gyara kuskuren. Ɗan ƙanwata in ya riƙe tasa ba ya ko murmushi. Yana tsuke baki, ya rufe rabin fuska da rawani, ya yi magana a daƙile. Babu wanda yake yi wa ba'a, so yake ya zama mutumin. Shekara wajen ɗari muka ɗauka kafin mu kai wannan matsayi.

Har wasannin ma sun waye. Da can yara laka suke murzawa su yi shanu masu tozo, irin jajayen Azawak na Tukunus, su jera su a inuwa suna gardamar wa ya fi garke. Me yaro zai yi da saniyar laka yanzu, alhali ya ji yadda ake kore ta gaske? Wasan da ake yayi shi ne na karɓar zakka. Manya su riƙe bindiga, ƙanana da ƴan mata su zama mutanen ƙauye, a tara su gindin bishiya, a ce kowa ya kawo abin da ya mallaka. Na tsaya na ga ana rabon matsayi, sai da aka yi kuka, don babu mai son zama ɗan ƙauye. Yaran nan sun fahimci duniya fiye da mu. Ɗaruruwan makarantu aka rufe a jihar nan saboda tashin hankali, wasu na ta kukan yara sun rasa karatu. Ga karatu kuwa yana gudana a lungu, kuma masu ɗiban matasa a daji za su same su da share fage, sun iya saɓawa, sun iya aunawa. An rage wa bayin Allah aiki.

Akwai masu ƙorafi, ba a rasa su. Baƙuwar nan ta gidanmu, ran da yaron ya ɓullo mata ta bayan zana da fuska a rufe, tulun da ke kanta ya faɗi ya tarwatse, ita kuma ta durƙushe tana salati, ta kwana biyu ba ta fita ɗaki ba. Uwar yaron ta so ta karya bindigar. Na ce mata, "Haba ƙanwata, wace shaida kike nema da ta wuce wannan? Mace ta ga ta gaske, ta ga ta ɗanki, ta kasa bambancewa. Tulu nawa yake?"

Sai masu maganar ido. Wai ƙwayar, da faɗinta bai wuce milimita 6 ba, in ta sami ido tana iya fasa shi, wai shi ya sa masu wannan wasa a ƙasashen waje ba sa shiga fili sai da gilashin kariya. Wai hasken lezan ma in ya daɗe a ƙwayar ido yana ƙona ta. Har Afganistan, ƙasar da ba a koya mata bindiga, ta hana sayar da ta wasa a 2015 bayan yara da yawa sun ji rauni a bikin Sallah. To su suka ga za su iya. Mu dai mun san Allah ido biyu ya ba kowa, kuma mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho. Balle ma mai auna bindiga dole ya rufe ɗaya. Wanda ƙwaya ta rufe masa tun yana ƙarami ya huta da kanne-kanne.

Jan zoben da yaronmu ya fige ma yana da tarihi. Tun 1988 dokar Amurka ta wajabta sa alama mai launin lemo a bakin bindigar wasa, don ɗan sanda ya gane. A watan Nuwamban 2014, a birnin Cleveland, wani yaro ɗan shekara 12, Tamir Rice, yana wasa a fili da irin wannan bindiga wadda babu alamar a bakinta. Ɗan sanda ya iso, cikin daƙiƙa biyu ya harbe shi, washegari ya cika. Can ke nan, inda ba a yaƙi, kuma da rana tsaka. Mu nan an kafa dokar ta-ɓaci a sassan jiharmu a 2017, muna da shinge a mashigar gari, a bayan buhunan yashi kuma akwai saurayi ɗan shekara ashirin da ya binne abokansa, wanda bai yi barcin kirki ba, yatsansa a kan kunama. In akwai alƙalin da zai tabbatar da gwanintar ɗan ƙanwata, shi ne. Yaron ya riga ya ce ko soja ba zai gane ba, ni kuwa ban taɓa kama shi da ƙarya ba.

Saboda haka ina kira ga ƴan kasuwarmu masu sari daga Yamai, ku ƙaro kaya, ku zaɓo baƙaƙe, don a rage wa yara kuɗin fenti. Ku kuma iyaye, Sallah na tafe, kada ɗan maƙwabci ya fi naku makami. In kun tashi lissafi, bayan kuɗin rago da na ɗinki da na bindigar, ku ware na mota zuwa wurin likitan ido a Yamai, kilomita wajen 180 ne. Ku ajiye yadi biyar na farin alawayyo a ƙasan akwati, ba ya lalacewa.