Allah Ya Saka Muku da Irin Abin da Kuka Yi wa Rono

Sannunku da ƙoƙari, manyan harkar wasanni na duniya. Duk mai neman ya koyi riƙon amana, ya zo ya ga yadda kuka riƙi Henry Rono, ɗan tsere ɗan ƙabilar Nandi ta ƙasar Kenya.

Yaron nan ya yi muku abin da ba a taɓa yi ba. A 1978, cikin kwana 81 kacal, ya kafa tarihin duniya har sau huɗu: mita 5,000 a Berkeley, gudun tsallake shinge da ruwa na mita 3,000 a Seattle, mita 10,000 a Biyana, sai mita 3,000 a Oslo. Mita dubu goman nan a minti 27 da daƙiƙa 22 ya cinye ta. A shekarar dai ya kwaso zinare biyu a gasar Afirka a Aljiyas, ya ƙara biyu a gasar ƙasashe rainon Ingila.

Ku kuwa kuka nuna halin girma. Filaye suka cika, tikiti ya ƙare, aljihunku ya yi nauyi, dokarku kuma ta hana mai gudun karɓar ladansa a fili, don kada kuɗi su ɓata masa tarbiyya. Kai, wannan tausayi da yawa yake! Olamfik ma kun hutar da shi. Ta 1976 yawancin ƙasashen Afirka sun ƙaurace mata saboda wariyar launin fata, wannan kam da hujja. Amma ta 1980 a Mosko, rigimar Amurka da Tarayyar Sobiyat ce, aka ce Kenya ta zauna gida, ta zauna, mu ma Nijar muka zauna. Mutumin da ya fi kowa gudu a zamaninsa bai taɓa taka filin Olamfik ba. Madalla!

Da kaɗaici ya tura shi ga giya, ba ku takura masa da nasiha ba, tunda ƙafa na aiki. A 1981 ya sake karya tarihin mita 5,000 a Norwe, kuka tafa. Da ƙafar ta gaza, kuka yi masa abin da muke yi wa rake a nan Gaya ta Nijar: a tsotse zaƙi, a tofar da tuƙa a bakin hanya. Ya kwana a gidan marasa galihu a Amurka. Ya wanke motoci. Ya yi dako a filin jirgin saman Albuquerque, yana tura akwatunan matafiya, gwarzon duniya guda yana jiran a miƙo masa na goro. Ya yaƙi kwalba har ya zama malamin makaranta.

Ya koma Kenya, ya rasu a Nairobi ranar 15 ga Fabrairu, 2024, yana da shekara 72. Ranar kam kun yi bajinta, saƙon ta'aziyya har da rige-rige.

Namu manyan ma ba a bar su a baya ba. Abdou Manzo ya ɗaga tutar Nijar a gudun fanfalaki na Olamfik a 1988 da 1992 da 1996. Ku tare samarin da ke atisaye da asuba a hanyar gadar da ta haɗa Gaya da Malanville, ku tambaye su ko sun taɓa jin sunansa.

Iyayen Gaya, in ɗanku na da gudu, ku haɗa masa da karatu ko sana'a tun yau. Waɗannan masu amana ba za su neme shi ba ranar da gwiwa ta ƙi.