Harara-Garke

Ragon ne ya fara. Ina so a rubuta wannan a ajiye, domin har yau idan uwargida tana ba da labarin nan a gidan suna, daga tsakiya take ɗaukowa, daidai inda wautata ta shigo.

Saura kwana goma Babbar Sallar 2024 na je kasuwar Turaku na sayo shi. Ɗan uda ne, gaba baƙi baya fari, ƙahonsa a murɗe kamar igiyar rijiya, yana kallon mutane a wulaƙance tun a hannun dillali. Jika 140 na biya, wato sefa dubu ɗari da arba'in, na kai shi gida Harobanda na ɗaure a gindin darbejiya, taku uku daga inda nake ajiye mota.

Motar kuwa Toyota Yaris ce ta 2002, 'yar Kwatano. Wanda ya sayar mini ya rantse wata tsohuwa ce ta riƙe ta a Faransa, ba ta zuwa ko'ina da ita sai coci. Ban taɓa jin motar da ta sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano ba wadda ba tsohuwar nan ce ta riƙe ta ba. Allah ya sani, baiwar Allah ta tara motoci. Ranar Yamai ta riga ta cinye idanun motar, robar ta yi ja-ja kamar haƙoran mai cin goro, sai wani abokin aikina a lakwal ya ce in goge su da man goge baki. A yammacin da na kawo ragon na zauna na yi ta dirza har suka koma kamar madubi. Na ja baya ina yaba aikina. Ragon ma ashe yana yabawa.

Cikin dare muka ji ƙara kamar an yar da tulu. Ya tsinke igiya, ya leƙa idon dama, ya ga wani ƙaton rago mai irin ƙahonsa yana harararsa, ya ja da baya ya yi abin da kowane namiji mai zuciya zai yi. Da na fito da tocila na tarar da shi yana tuƙa abinsa hankali kwance, abokin gaba ya watse a ƙasa.

"Malam, wa ya ce ka yi wa mota kwalliya a gaban rago?" in ji uwargida. Ban tanka ba.

Washegari na shirya na tafi kamfanin da ke sayar da sababbin motoci da kayansu na asali. Sanyin ɗakin kaɗai ya isa ya gaya wa mai hankali cewa ba wurinsa ba ne. Wani saurayi mai laƙataye ya karɓi kart giriz ɗina, ya buga lambar mota a kwamfuta, ya juyo da murmushi ya ce jika 185, kuma sai na jira kamar mako uku. Ya yi mini bayani cikin ladabi: tun da aka rufe iyakar Gaya a 2023 kaya ba sa biyowa ta Kwatano, sai sun sauka a Lome su ratso Burkina Faso cikin ayarin manyan motoci. Gaskiya ya faɗa, kowa a garin nan ya ji abin a farashin shinkafa. Na tambaye shi ko kuɗin har da wata motar a haɗe. Bai yi dariya ba. Na tsaya ina lissafi: idon mota guda ya fi ragon da ya fasa shi tsada da jika 45, ga shi ba a babbaka shi, ba a rabon namansa.

A nan ne jinin Maradi ya motsa. Ni fa ɗan 'yan kasuwa ne, kakana har Kano yake kai fata. In zauna yaro mai laƙataye ya yanke ni ba wuƙa? Na karɓi takardata na ce zan yi shawara, irin shawarar da ba a dawowa.

Katako na nufa, inda ake narka gwangwani a yi tukunya, a mayar da tsohuwar durom akwati. A can babu abin da ya mutu, sai dai wanda ba a kawo ba. Wani yaro ya duba ramin, ya yanko farar roba daga jikin wata gora, ya ɗora, ya bi gefen da gam mai kama nan take yana barbaɗa rairayi a kai. Gam da rairayi idan suka haɗu dutse suke zama, na ba shi wannan. Jika 3. Na koma gida ina tuƙi da hannu ɗaya, na ce wa uwargida ta rubuta: na tsirar da jika 182 a wuni guda.

Daren jibi aka yi ruwa, irin na farkon damina mai zuwa da ƙura a gaba. Da safe idon dama ya cika har rabi. Idan na taka birki ruwan ya yi gaba, idan na saki ya dawo. Autana ya durƙusa ya daɗe yana leƙe, sannan ya ce, "Baba, in kamo ɗan kifi a bakin kogi mu sa?" Da magariba na kunna fitila, ƙwan ya yi zafi, ruwa ya fallatsa masa, ya ce ɗas.

Ƙwan irin motata H4 ake kiransa, mai ƙafa uku da zare biyu a ciki, ɗaya na kod mai kallon ƙasa, ɗaya na far mai hango nesa. Na huda ƙasan fitilar ruwan ya tsiyaye, na sayi sabon ƙwai jika 2 da rabi, na ce wannan kam ba sai na biya kowa ba. Abin da ban sani ba, ba a taɓa gilashinsa da yatsa, domin maiƙon hannu yana tara zafi a wuri ɗaya har ya kashe shi. Ni kuwa a lokacin na gama cin kilishi ke nan. Na riƙe shi da yatsu biyar, na jujjuya, na ɗaga shi sama ina duba ingancinsa kamar mai sayen zinariya. Bai kwana uku ba.

A daren da ya mutu ɗan sanda ya tsayar da ni a wani shataletale. Ya zagayo ya haska ni, ya ce, "Mushe, wallahi na ɗauka babur ne, har ina mamakin faɗinsa." Ya duba permi da asurans, ya ga komai daidai, ya duba facin gorar ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce shi ma malami ne ya koyar da shi, in tafi, amma kada ya sake ganina da ido ɗaya. Da ya ci ni tara da ya fi mini sauƙi a kan kallon tausayin da ya bi ni da shi.

Sai feray, wurin 'yan kayan tsofaffin motoci. Kuma ina take? Can wajen Turaku, unguwar da na sayo ragon. Har na fara zargin ko akwai yarjejeniya tsakanin masu raguna da masu fitilu.

Ban gama rufe ƙofa ba samari huɗu suka kewaye ni, kowa na kirana Alhaji. Duk wanda ya kira malamin makaranta Alhaji, kuɗi zai ƙara masa. Wanda ya riga kama hannuna ya ratsa da ni ta tsakanin injuna da ƙofofi da gatari-gatarin ƙarfe har wata rumfa da fitilu ke rataye kamar kawunan shanu a mahauta. Mai rumfar ya ce kaya iri uku ne. Akwai sabo na Taiwan, wanda ake cewa adaftabul, yana shiga amma ba ɗan gida ba ne. Akwai sabo na Caina, wanda shi kansa ya ce ba zai sayar wa mutum mai kamala irina ba. Sannan akwai orijin okaziyon, na asali da aka ciro daga jikin wata motar. Ya shiga ciki ya fito da wani ido garau, ya goge da hannun riga.

"Wannan daga Dubai ya zo, Alhaji. Na Vitz ne. Vitz da Yaris uwa ɗaya uba ɗaya, suna ne kawai ya bambanta."

Nan ma ba ƙarya ya yi ba. Motar da Turai ta sani da Yaris, a Japan Vitz ake kiranta kafin 2020. Ya ce jika 45. Na yi dariyar da na gada, na ce 15. Ya ce albarka. Na juya zan tafi, na yi taku bakwai ina ƙirgawa, ya kira ni. Na nuna masa kunne ɗaya na fitilar da ya karye, ya ce wannan ai ado ne. Muka yi ta ja har la'asar, aka tsaya a 22. Da ya ce "Allah ya sa albarka" sai na ga ya faɗa da sauri, har da ɗan murmushi, amma na ɗauka murmushin wanda aka kayar ne. Dillali ya karɓi jika 2, yaron da ya ɗaura ya karɓi 3, ya ɗaure karyayyen kunnen da robar tayar babur ya ce ko Agadas zan je ba zai motsa ba. Da rana aka gwada. Ta kama. Kowa ya ce ma sha Allah. Babu wanda ya tambayi inda take kallo.

An yi magariba na hau gadar Kennedy zan koma gida. Wanda ya san gadar nan ya san tun 1970 take ɗauke da garin nan a kan layi biyu kacal, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa, kuma kowa a kanta yake: taksi, kabu-kabu, ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni, amalanken jaki, masu tura kura. Na kunna kod. Mota ta farko da ta tunkaro ta watsa mini far. Ta biyu ma haka. Na ce a raina, hassada ce, sun ga sabon ido. Wani ɗan taksi ya leƙo ya yi mini jawabi. Shekarata 11 a Yamai, Zabarmancina bai wuce fofo da tambayar kuɗin kaya ba, amma a daren nan na gane ana ambaton iyayena ɗaya bayan ɗaya.

Sai ga raƙumi. Ya ɗauko harawa himili guda zai shiga gari, domin ragunan layya sun cika gidaje kuma kowanne na son ci. Hasken idona na dama ya tsallake layi, ya haura sama, ya sauka cikin ƙwayar idonsa. Ya tsaya. Ya yi wani gurnani daga can cikin cikinsa, ya naɗe ƙafafun gaba, ya gurfana a tsakiyar gada, harawar ta tare rabin hanya. Mai raƙumin ya ja akala, ya roƙa, ya yi masa magana da Tamashek, raƙumi ya ce ba inda za shi. Oda ta kaure tun daga wannan gaɓa har waccan. Wani dattijo a kan babur ya ƙwanƙwasa gilashina ya ce, "Ɗana, don girman Allah kashe fitilar nan, motarka harara-garke ce." Na kashe. Raƙumin ya yi kamar minti biyar yana nazari kafin ya miƙe. A duhu na ƙarasa gida ina bin wutar bayan wani amalanke, wadda ba wuta ba ce, tsohon faifan CD ne aka rataya.

Maƙwabcina ne ya kai ni wurin wani tsoho mai gyaran wutar mota a bayan unguwarmu, washegari bayan isha'i, don ya ce shi ba ya duba fitila da rana. Baba bai taɓa motar ba. Ya sa na tsaya taku goma daga bangon wani gida, na kunna kod, ya rufe idon hagu da buhu, sannan ya rufe na dama. Ya ce in duba da kaina. Hasken hagu ya kwanta a bango, ya ɗan ɗaga ta hannun dama. Na dama kuwa ta hagu ya ɗaga, ya haye har kan katanga yana haska kajin mutane.

"Yaro, a ƙasar nan ta wane hannu ake tuƙi?"

"Dama, Baba."

"To, a Japan ta hagu suke bi, kamar Ingila. Kowace fitila an ƙera ta ta ɗaga haske wajen bakin hanya, don ka ga mai tafiya a ƙasa da allo, ta kwantar da shi wajen masu tahowa. Taka tana nan tana neman bakin hanyar Japan. Ga kunne a karye, roba ta ja ta sama. Kai ba fitila ka saya ba, tocilar farautar jemage ka saya."

Na ce to a mayar musu. Ya tambaye ni ko na taɓa ganin wanda ya mayar da kaya feray ana jibi Sallah. Ya ce Turawan Ingila ma idan za su tsallaka Faransa da motocinsu, ɗan abu suke liƙawa a gilashin ya tare gefen da ke ɗagawa. Ya ɗauko baƙin salatif na waya, yana liƙawa yana duban bango, har hasken ya daina haura katanga. Ya kwance robar, ya yanko gutsuren tsohon silifa ya cusa a bayan fitilar ta sunkuyar da kai. Da zai mayar da ƙwan, da tsumma ya riƙe shi, ya dube ni, na dubi ƙasa. Jika 1 ya ce. Na ba shi 2 don kada ya ba kowa labari, ya karɓa, kuma kafin sallar asuba duk masallacin sun ji.

Uwargida ta kawo littafin da na ce ta rubuta. Jika 34 da rabi, in ji ta, ban da mai, ban da man goge bakinta da na ƙarar, ban da mutuncin gidan nan a gadar Kennedy. Na nuna mata cewa har yanzu ina gaban kamfani da jika 150 da rabi. Ta leƙa ta taga ta dubi motar, ido ɗaya ya fara komawa jan goro, ɗayan garau da baƙin faci kamar an yi mata kwalli a duhu, ta ce ita dai ranar idi a taksi za ta je gaishe da iyayenta.

Ranar Sallah aka yanka shi. Aka feɗe, aka baje shi a kan sanduna a jikin wutar da 'yan layinmu suka haɗa a ƙofar gida, kamar yadda ake yi a Yamai, ya wuni yana gasuwa tare da sauran. Ina zaune a kan tabarma ina kallonsa, ban ce uffan ba. Washegari da aka dafa kai, uwargida ta aiko auta ya tambaye ni ko harshe za a zubo mini kamar kullum.

Na ce a'a. A kawo mini idon dama.