Yadda Ake Shirin Farauta a Duwatsun Filato Har a Dawo Gida Lafiya

Da farko ka rage buri. Na san ka kalli bidiyon Amurkawan nan masu kutsawa dazukan Kolorado da Montana neman wata ƙatuwar dabba mai ƙaho reshe-reshe da suke kira elk, wadda namijinta kan haura kilo 300, su fede ta a dawa su yi ta jidar naman a bayansu. Madalla da su. A nan abin da ya fi kusa da ita shi ne gwanki, shi kuwa gwanki ya daɗe da yin ƙaura daga kewayen Jos. Mai son ganinsa sai ya nufi Yankari, inda harbinsa ba tukunya yake kai mutum ba, gaban alƙali yake kai shi. Abin da duwatsunmu za su ba ka shi ne zomo da gafiya da makwarwa da agwada, in ka taki sa'a ka haɗu da gada. Don haka ka ajiye buhun nan ka rataya burgami, kuma kada ka ce wa uwargida ta daka yaji tun ba ka fita ba.

Sai batun sanyi. Lokacin farauta rani ne, bayan an kwashe acca da dawa, wato daidai lokacin da hunturu ke cin kasuwarsa. Jos tana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200, ƙololuwar Shere kuma mita 1,829 ce, iskar asubar can ba ta san jarumi ba. Ka ɗaura layunka in kana da su, amma ka biya kasuwar Katako ka zaɓi jibgegiyar rigar sanyi ta gwanjo da safar hannu da hular da ke rufe kunne. An sha ganin ɗan tauri wanda wuƙa ba ta kama shi yana rawar ɗari har gorarsa na faɗuwa. Guzuri kuwa garin rogo da ƙuli-ƙuli da dabino sun isa, sai ruwa mai yawa. Kada ka dogara da kilishin da ka yi niyyar yi da abin da ba ka kama ba tukuna.

Abin da ya fi duk wannan muhimmanci shi ne mutane. Babu dutsen da ba shi da mai shi a Filato. Wanda ka hanga ka ce ai dawa ce, gonar wani ce ko makiyayarsa ko wurin da kakanninsa suka keɓe ba a shiga, ko Birom ne ko Afizere ko Anaguta ko Irigwe. Jiha ce kuma da ta sha rikici, baƙon da aka gani da makami a bayan gari da duku-duku ba za a fara da tambayarsa sunan karensa ba. Ka je wurin mai unguwa ko dagaci da rana tsaka, ka cire takalmi, ka ce, "Ranka ya daɗe, izini muka zo nema." Ka gaya masa ku nawa ne, ta ina za ku shiga, yaushe za ku fito. Ka roƙi a haɗa ku da maharbin garin, ka kuma ware masa kasonsa tun kafin a ga nama. Ka sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa. In kana da bindigar toka, lasisinta ya zama yana aljihunka na gaba, tare da katin shaidarka, domin akwai shingayen sojoji a hanya. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, suna hanyar komawa Kano daga Fatakwal, bayan an ga bindigogi a motarsu an ɗauke su a matsayin masu garkuwa da mutane. Allah ya jiƙansu. Wannan sakin layin ba raha a cikinsa.

Karenka abokin aikinka ne, ka yi masa allurar ciwon haukan kare. Ba ka da uzuri, tunda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ke nan tun 1924, tana gaba kaɗan da Bukuru. Ka kuma riƙe igiyarsa da kyau in hanya ta bi da ku ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke. Kasuwar karnuka ce babba, kare mai ƙiba kuwa a can ba don iya bin zomo ake taya shi ba.

In ka shiga dawa, ido ɗaya a kan nama, ɗaya a ƙasa. Haƙar kuza da aka shafe fiye da shekara ɗari ana yi ta bar kududdufai masu zurfi da ramuka ƙanana da ciyawa ta rufe bakinsu, musamman wajen Bukuru da Barikin Ladi. Zomo ya san inda suke, kai ba ka sani ba. Tinyar da ke tsirowa a tsagar dutse kada ka kama ta don ka hau. In ka karya ta farin ruwanta ya taɓa hannunka, ka kuma sosa ido, farautar ranar ta ƙare. Kada ka zura hannu a ramin gafiya sai ka fara aika sanda, don wani lokacin mai gidan ya tashi, kasa ce ta karɓi haya. In kun gangara ƙasa wajen Langtang da Shendam, can kububuwa ke da yawa, takalmi mai rufe ƙwauri ya zama dole. Wanda ta sara kada a tsaga wurin, kada a ɗaure shi tamau, kada a tsaya jiƙa saiwa. A ɗauke shi zuwa asibiti, akwai na Zamko da ya saba da wannan aiki.

Kada ka cinna wa daji wuta don gafiya ɗaya. Wutar ba ta san iyakar gonar kowa ba.

Akwai wuraren da za ka wuce da gorarka a kafaɗa ka yi sallama kawai. Gandun namun daji na Jos ne, da na Pandam, da dajin Amurum a Laminga, inda masu binciken tsuntsaye ke zama da madubin hangen nesa suna ƙirga su ɗaya-ɗaya. Ka taɓa guda, da yamma lissafinsu zai nuna. In kuma Allah ya nuna maka gadar dutse tsaye a kan ƙololuwa da 'yan kofatanta, ka sauke hannu ka more kallo. Irin ta Filato saura kaɗan ta ƙare, kuma labarin ka gan ta zai fi namanta daɗewa a bakinka.

Rabon nama a gama maganarsa tun a gida: na wanda ya fara bugu, na mai kare, na ɗan jagora. Ƙarti goma a kan zomo ɗaya, kowa da gora a hannu, ba lokacin kafa doka ba ne.

Ku juyo tun rana na sama, ku biya ku shaida wa mai unguwa kun fito cif yadda kuka shiga. In burgami ya dawo wayam, akwai masu tsire a Taminus har dare. Ka saya da yawa, ka kuma gaya wa yara gaskiyar inda ka samo shi, don sun san ƙanshin ƙuli-ƙuli.