Ɗan Mazari da Ɗan Sauro a Tafkin Geriyo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata damina aka saki ruwan madatsar Lagdo daga Kamaru, kogin Binuwai ya cika ya batse, ya wuce ƙarƙashin gadar Jimeta ya malala cikin tafkin Geriyo. Sai Mazari ta zo tana tsoma jela a ruwa, ta zuba ƙwai ta tafi. Ƙanwarta siririya, mai haɗe fikafikai in ta sauka, ta tsaga karan ciyawa ta ɓoye nata.

Ɗan Mazari ya ƙyanƙyashe cikin laka, mummuna, launin taɓo, ba fiffike. Ta dubura yake shaƙar ruwa ya yi numfashi, in Tarwaɗa ta taso ya feso shi da ƙarfi ya yi gaba. 'Yar ƙanwar uwarsa kuwa ganye uku ne a jelarta, da su take numfashi.

Ɗan Sauro, da ke reto a saman ruwa, ya leƙo ya ce, “Yaya, har yanzu kana nan? Ni kwana goma ya ishe ni in tashi sama.”

Ɗan Mazari ya ce, “Sauka lafiya, ƙane. Rigata ce ta matse ni.”

Ya tuɓe ta ya fito da sabuwa. Haka ya yi ta yi, riga na bin riga, har sau goma sha biyu. Leɓensa na ƙasa a naɗe yake kamar hannu; abinci na giftawa sai ya cilla shi ya fizgo. Hunturu ya zo, ruwa ya ja baya, manoman rani suka dasa shinkafa a gefen tafki, shi yana ƙasa, 'yan kumburi huɗu na tsiro masa a gadon baya. 'Yar'uwarsa ta riga shi hawa.

Ran nan ya daina cin abinci. Cikin dare ya kama karan ciyawa ya hau. Bayansa ya tsage, ya zaro kai da ƙafafu, ya rataya jiki ba ƙwari, yana tsoron Kwaɗo, har fikafikan suka miƙe suka bushe. Ana kiran assalatu a Jimeta ya tashi, ya bar tsohuwar riga maƙale a kara.

Da magariba ya tarar da sauraye sun yi gungu a kan tafki. Ya ce, “Ina mai kwana goman nan?”

Suka ce, “Kakan kakanmu ke nan, ya daɗe da rasuwa.”

Mazari ya haɗa ƙafafunsa shida kamar kwando, ya kutsa cikinsu.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.