Wasiƙa zuwa ga bawana na Safana

Sheffield, Ingila

Ɗan gwaggo,

Yaya Gwaggo da ciwon ƙafa? Kafin ka fara mita, kuɗin shararka na bana suna hanya. Ubangida ba ya danne haƙƙin bawansa, ko da bawan rago ne irinka.

To ka gyara zama. Ranar Asabar ɗin da ta wuce ubangidanka ya shiga tseren gudu a kan dutse. Na san za ka dire kofin shayi ka ce, "Wa ya koro shi?" Wallahi ba wanda ya koro ni, da ƙafata na je, har kuɗin shiga na biya. Wani abokin aikina ne ya ja ni ƙungiyarsu ta masu gudu. Duk Laraba da yamma ake haɗuwa a bayan gari, in hunturu ne kowa ya ɗaura fitila a goshi, a nausa cikin tuddai. Akwai malamin makaranta, akwai direban bas, akwai likita, amma da taɓo ya shafe kowa ba ka gane mai kuɗi.

Jirgin ƙasa muka hau zuwa Edale, wani ɗan ƙauye tsakanin Sheffield da Manchesta, a gindin dutsen Kinder Scout. Tsayinsa mita 636, kuma duk yankin babu wanda ya kai shi. A ɗakin taron ƙauyen wata dattijuwa ta zazzage jakata a kan tebur tana dubawa ɗaya bayan ɗaya: rigar ruwa da wandonta, hula, safar hannu, taswira, kamfas, usur na neman agaji, da ɗan abin taɓawa. In abu guda ya yi ƙafa, ko kai ɗan sarki ne ba ka shiga. Ƙa'idar babbar ƙungiyarsu ce ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1970, don sanyin saman dutsen nan yana kisa. Da ta ɗaga kamfas ta tambaye ni ko na iya aiki da shi, na ce da shi nake neman alƙibla tun ranar da na sauka ƙasar nan. Dabinon da na ƙulla kuwa sai da ta ɗanɗana guda.

Hawan ba a yi masa gaggawa. Kowa ya dafa gwiwoyinsa yana takawa, ba ka jin komai sai haki da kukan tumaki. Can sama hazo ya rufe mu, iska tana ture mutum, ga wata baƙar laka mai haɗiye ƙafa har ƙwauri kamar fadamarmu a tsakiyar Agusta. Babu alamar hanya ko ɗaya. Sai ka nemo wuraren da masu rubuta lamba suke tsaye cikin ruwan sama, kuma ba a biyansu ko sisi.

Gangarowa ce tawa. Turawa suna dube-duben inda za su sa ƙafa, ni kuwa ƙafata ta tuna duwatsun Ruma, lokacin da muke korar awakin Kaka, kai kana ƙasa kana riƙe mana takalma wai kanka yana juyawa. Na saki jiki, na buɗe hannuwa, na riƙa dira daga wannan dutse zuwa wancan, na wuce mutane da dama. Na iso a tsakiyar jama'a, lafiya lau, laka har kunne. Da aka tambaye ni inda na koyi sauka haka, na ce a ƙasar Batsari, jihar Katsina, sai da na maimaita musu sunan har suka iya faɗa.

Wata tsohuwa sa'ar Gwaggo, kanta fari fat, ta riga samari da yawa isowa. Kai kuma an ce mini daga shagonka zuwa masallacin Juma'a sai ka tare ɗan acaɓa, tumbi ya riga ka shiga sahu. Kada ka musa, ina da masu kawo mini rahoto.

Ladar duk wannan wahala shayi ne da yankan kek. Wanda ya zo na ɗaya ma abin da aka miƙa masa bai taka kara ya karya ba, ya karɓa yana murna. A wajen shan shayin suka ba ni labarin gwanayensu. Babbansu Joss Naylor makiyayin tumaki ne daga Wasdale, wanda a 1975 ya hau ƙololuwar duwatsu 72 cikin ƙasa da awa 24. Ya rasu a 2024 yana da shekara 88, har yau in an ambace shi sai ka ga fuskokinsu sun canza. Sai Jasmin Paris, likitar dabbobi. A watan Janairun 2019 ta tashi daga wannan ƙauye na Edale, ta yi tseren mil 268 cikin tsananin sanyi, ta kayar da maza duka, alhali tana da goyo, tana tsayawa a hanya tana tatsar wa 'yarta nono. Ka karanta wa matarka wannan wurin da ƙarfi, ta san irin mijin da ta samu.

Da na ji gwaninsu makiyayi ne, sai zuciyata ta tafi gida. Yaran da ke bin shanu daga Runka zuwa bakin dajin Rugu, da ruwa a gora da takalmin roba, na rantse da za a kawo su nan da an ji sunansu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda mutum zai shiga daji shi kaɗai da yamma, ba ya waiwaye, ba ya sauraron ƙarar babur. Mutanenmu ma suna gudu cikin duwatsu, amma da yara a kafaɗa, cikin dare, don tsira da rai. Na tuna wannan ina can sama, idona ya cika. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa ta 'yan bindiga, ya maido da kowa gonarsa.

Ai ko a Najeriya abin ba baƙo ba ne, tun 2005 aka fara irin wannan tsere a dutsen Obudu na jihar Kuros Riba, har 'yan Habasha da Kenya suka riƙa zuwa. In Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ba abin da zai hana mu tara samarin Batsari da na Safana a gindin dutsen Ruma, mu nemi albarkar Sarkin Ruma da Yariman Katsina, a buga ganga a saki yara. Ni zan sayi ragon wanda ya ci. Kai za ka riƙe takalma, tunda ka saba.

Ka gaishe da Gwaggo da kyau, ka ce maganin shafawarta yana cikin saƙon da ke tafe. In ka shiga Batsari ka leƙa Inna, ka tabbatar mata ƙafafuna biyu suna nan garau. Sannan ka aiko mini da lambar takalminka cikin makon nan, zan saya maka na gudu, ka fara zagaya filin makaranta bayan sallar asuba kafin in zo.

Wassalam,
Ubangidanka, ɗan kawu.